Gwandar Maigidana da Sanyin Uhudu

Shekararmu ta uku a Madina muka bar bene muka koma wani gida a unguwar Uhudu, kuma ba don komai maigidana ya zaɓi gidan ba sai don ɗan filin da ke bayansa. Hosh suke ce masa a nan. Bai fi a shimfiɗa tabarma shida ba, rabi siminti rabi ƙasa, ga famfo a kusurwa. Ranar da muka je dubawa, ni ina kicin ina ƙirga wuraren da ruwa ke ɗiga, shi kuwa ya tsuguna a waje ya ɗebi ƙasa yana murzawa a tafin hannu kamar mai tayin gero. Tun daga nan na san an gama magana, ko da rufin gidan yoyo yake.

Maigidana injiniya ne na na'urorin sanyaya ɗaki, can wajen filin jirgi yake aiki. Ni kuma ina ba da magani a wani asibiti. Shi ɗan ƙauye ne da boko ya ɗauke tun da wuri. Rabonsa da fartanya tun yana sakandare, amma in ya fara zancen noma sai ka rantse jiya ya dawo daga gona. In ina so in tsokane shi Injiniya nake ce masa, kuma a shekarun da nake ba da labarinsu kusan kullum da sunan nake kiransa.

Mai gidan da muka kama haya wata tsohuwa ce da ke zaune a sama. A Madina aka haife ta. Mahaifinta da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa yana saurayi, ya yi aikin hajji ya zauna, ita kuwa ba ta taɓa taka can ba. Hausarta irin ta kakata ce, tsohuwar Hausa mai nauyi, sai dai duk inda ta yage ta yi mata faci da Larabci. Jikokinta suna ce mata Sitti, mu muna ce mata Inna. Gwiwoyinta sun hana ta yawan sauka, amma tana da taga da ke kallon hosh ɗinmu, kuma daga tagar nan babu abin da ke wuce ta.

Yayar maigidana ta aiko masa da iri ta hannun masu zuwa Umra, kowanne a ƙullinsa. Ya shuka zogale uku a jikin bango, da rama da yakuwa, ya jera barkono a tukwane. Inna ta ba shi na'ana'a. A tsakiya kuma, inda kowa zai gani, ya dasa gwanda guda ɗaya. Da zafi ya shigo, irin zafin Madina da ke sa mutum ya ji tausayin takalminsa, sai ya kafa musu rumfar koriyar raga, yana ba su ruwa safe da yamma. Suka rayu. Gwanda ta kai masa ƙugu, ta kai kafaɗa. Duk baƙon da ya shigo gidanmu, kafin a ba shi ruwan sha sai an zagaya da shi baya ya gaishe ta.

Wata rana da la'asar, iska ta fara canzawa, Inna ta leƙo. Ita da Larabci take ce masa Injiniya.

"Ya Muhandis," ta ce, "marba'aniyya ta kusa. Ka nemo wa 'ya'yan nan naka riguna."

Marba'aniyya ita ce kwana arba'in na tsakiyar sanyi. Mun san sunan, amma a bene muka yi shekarunmu na baya, inda sanyi bai wuce a ƙara bargo ba.

Maigidana ya ɗaga kai yana murmushi. "Inna, wane sanyi kuma? Abin da ya tsallake zafin garin nan ai ya gama jarrabawa. Kuma kin manta, ni sanyi sana'ata ce. Kullum ƙera shi nake."

"Tayyib," in ji Inna, ta ja tagarta.

Bayan kamar mako uku aka yi wata rana mai haske, sama tas babu gajimare ko ɗaya, iska kuma ta tsaya cik tun magariba. Washegari da maigidana ya dawo daga sallar asuba ya ce mini ya ga wani farin abu a gilashin motoci, ya sa yatsa ya kankare. Yana faɗa yana dariya, kamar wanda ya ga abin kallo. Muka leƙa hosh, shuke-shuke suna nan tsaye lafiya lau, sai ɗan ƙyalli a kan ganye. Ya ce, "Kin gani ko?"

Da hantsi ya ɗaga na sake leƙawa. Ganyen gwanda sun zube a jikinta kamar an tsoma su a tafasasshen ruwa. Rama ta kwanta. Zogale ya yi laushi, barkono ya sunkuyar da kai. Kafin yamma duk sun yi baƙi. Na'ana'ar Inna ce kaɗai ta tsaya kore shar, kamar ba a gidan ta kwana ba.

Ya dawo daga aiki ya tsaya a bakin ƙofa, jakarsa a hannu, yana ta kallon hosh. Ni kuma bakina bai iya zama ba. Na ce, "Injiniya, ga miyar ganye ta dahu da kanta, saura a tuƙa tuwo." Bai yi dariya ba. A ranar ko rabin abincinsa bai ci ba, har na ji kunyar maganata. Sai a lokacin na gane cewa ba don miya yake wahalar nan ba. Mutumin da ya wuni cikin ƙarafa da ƙarar injuna, wannan ɗan filin ne kaɗai wurin da yake jin ƙanshin gida.

Washegari ya fito da almakashi zai yanke duk abin da ya mutu. Bai kai ga reshe na biyu ba muka ji murya daga sama.

"La, la, la! Ajiye makas ɗin nan, ya waladi."

"Inna, ai sun mutu."

"Na sama ne ya mutu. Ka bar shi, shi ne mayafin na ƙasa. In ka aske su yanzu, sanyin gobe da wa zai fara?"

Ta ce abin da ya faɗo musu sagi'i ne, raɓa ce da ke daskarewa a kan ganye gab da fitowar rana, kuma ba ta zuwa sai daren da sama ta yi tas iska ta kwanta. Ta ce mahaifinta ya yi shekaru yana aiki a gonakin dabino wajen Badar, suna shuka kayan miya a ƙarƙashin itatuwa. In suka ga irin wannan sama, sai su tara busassun rassan dabino su kunna kafin asuba, hayaƙi ya kwanta a kan ganye. Maigidana ya saurara, almakashi a hannu, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya mayar da shi aljihu.

Haka muka zauna da baƙaƙen sanduna har sanyi ya wuce. Da gari ya fara ɗumi, sai ga zogale biyu sun tsiro daga gindi, 'yan ganye ƙanana kamar kunnen ɓera. Gwanda kam ta tafi. Jikinta ya yi taushi ya ruɓe, ya tone ta ya dasa wata a gurbinta.

Shekara ta biyu a gidan ya shirya wa sanyi shirin yaƙi. Ya sayo ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a bango ɗaya a ƙasa. Wayarsa kullum tana kan hasashen yanayi. Ya daina ce mini "ina kwana" sai ya fara gaya mini maki nawa aka kwana. Ranar da wayar ta ce sanyi zai sauko, ya shigo da wani ƙaton naɗin leda mai kauri da salatif. Ya naɗe gwanda tun daga kai har gindi, ya naɗe zogale, ya bi tukwanen barkono ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, hosh ɗinmu ya koma kamar wurin awon kayan alhazai a filin jirgi.

Inna tana taga tana kallo. Ya ɗaga kai yana jiran yabo.

"Ma sha Allah," ta ce. "Ina za a kai su?"

"Iska ko kaɗan ba za ta shiga ba, Inna."

"Na gani."

Da safe ya fita da wuri, ya ce kada kowa ya taɓa masa, don gobe ma akwai sanyi. Ni ma aikin safe nake. Wajen azahar ina tsaye ina yi wa wani dattijo bayanin yadda zai sha maganinsa, wayata ta yi ta ruri a aljihu. Inna ce.

"Ya binti, ki gaya wa mijinki yana dafa barkono babu gishiri."

Ashe rana ta buɗe sosai, leda ta yi gumi, abin da ke ciki ya fara turara. Inna ta kasa haƙuri ta aiko 'yarta da ke zaune tare da ita da wuƙar kicin ta farke ledojin. Gwanda ta tsira da ƙunar ganye kaɗan, duk inda leda ta manne mata ya yi tabo. Barkono huɗu daga cikin bakwai sun riga sun tafi.

A yammacin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Maigidana ya yi wanka, ya sa farar jallabiya, ya ɗauki ƙullin kilishin da yake ɓoyewa a saman firji yana zaton ban sani ba, ya hau sama. Na bi shi, don ba zan bari a ba ni labari ba.

Inna ba ta yi masa sauƙi ba. Ta sa aka kawo shayi. Ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi mutanen gida, ta ba shi labarin ciwon gwiwarta tun daga farkonsa. Sai da ya sha kofi uku sannan ya samu ya ce, "Inna, na zo a koya mini."

"Kai da sanyi sana'arka ce?"

"Na ajiye sana'ar a ƙasa."

Ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta sa 'yarta ta jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Cike yake da haramai, fararen tawul ɗin da maza ke ɗaurawa a aikin hajji. Marigayi mijinta ya yi shekaru yana jigilar baƙi, in sun gama ibada su bar masa, ita kuma ta wanke ta ninke ta adana, ba ta san ranar amfaninsu ba.

"Tsiro yana numfashi kamar kai," ta ce. "Ka sa masa abin da kai za ka iya kwana a ciki. Za ka kwana a leda?"

Ta jero masa sauran. Ya ba su ruwa da rana, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi riƙe ɗumi. Ya rufe su kafin magariba, tun ƙasa ba ta huce ba. Kada ya ɗaure mayafin a wuyan itace kamar alewa, ya sake shi ya sauka har ƙasa ya danne bakinsa da duwatsu, don ɗumin daga ƙasa yake tasowa. Tukwane kuma ya matsar da su jikin bangon da ke kallon alƙibla, shi ne ke shan rana wuni guda. Da hantsi ya yi, a yaye musu.

"Kuma ka daina tambayar waya," ta ƙara. "Ka fito ka dubi sama. In ka ga taurari sun yi yawa kuma wutsiyar mayafina da ke kan igiya ba ta motsi, to ka rufe."

Ya so ya rubuta, ta ce ya ajiye biro.

Daga ranar muka shiga sabon tsari. Shi ke rufewa da yamma, ni ke yayewa in ina aikin rana, in ba na nan 'yar Inna ta taimaka. Sai dai haraman ba su isa ba, don gwandar ta yi tsawo, ita kaɗai tana cin uku, har da sandunan da ya kafa mata don kada zane ya kwanta a kan ganye. Na fara neman tsofaffin zannuwana ina rasawa. Na ƙyale shi. Sai ranar da na fito da safe na tarar da sabuwar atamfata, wadda na ajiye don sunan 'yar wata abokiyar aikina, an yafa wa tukwanen barkono, an danne gefenta da bulo.

"Injiniya, atamfata ce wannan?"

"Aro na yi. Ita ce mai kauri."

"Ko sau ɗaya ban ɗaura ta ba."

"Ai shi ya sa. Babu datti."

Na je sunan da wani leshi. Da aka tambaye ni ina atamfar da muka yi anko, na ce wani ya riga ni sawa.

Ana cikin haka kawun maigidana ya zo Umra, ƙanin mahaifiyarsa, manomi na gaske wanda bai taɓa yin wata sana'a ba. Ya biyo ta Madina zai yi kwana uku a wurinmu. Da duhu ya iso, a gajiye, ya ci abinci ya kwanta, bai ga bayan gida ba. Da asuba ya ce shi ba ya iya alwala a banɗakin zamani, a ba shi buta a nuna masa fili. Na zuba masa ruwan ɗumi na nuna masa ƙofar hosh, na koma kicin, tagar kuwa a buɗe take kaɗan.

Kawu idonsa ya fara rauni, ga gari bai waye ba. Ya fita ya yi turus. A gabansa ga wani dogo cikin farin harami, ga wasu biyu a jikin bango su ma cikin fari, ga kuma wata gajeruwa a tsugune cikin atamfa.

"Salamu alaikum," in ji Kawu. "An tashi lafiya? Ya sanyi?"

Shiru.

Ya gyara murya ya sake, wannan karon da iyakar Larabcin da ya taho da shi. "Assalamu alaikum, ya hajji. Kaifa?"

Shiru dai. Sai ya ɗauki butarsa ya koma can kusurwa, ya juya wa mai atamfa baya don kunya, ya yi alwalarsa a takure. Ya shigo yana rage murya.

"'Yata, ashe kuna da baƙi ba ku faɗa mini ba? Kuma a waje kuka bar su cikin wannan sanyi?"

Na juya baya ina danne dariya.

"Da alama mutanen kirki ne, ibada suke," ya ce. "Amma dogon nan ko sallama ba ya amsawa."

Sai da na zauna a ƙasan kicin don dariya. Maigidana ya fito da gudu yana zaton wani abu ne ya same ni.

Da hantsi ya yi muka fita gaba ɗaya aka yaye wa baƙin mayafi. Kawu ya riƙe haɓa, ya yi salati, sannan ya yi wa kansa dariyar da ta fi tawa. Ya ce in labarin nan ya isa ƙauye ya san ta bakin wa ya bi. Inna ta leƙo jin hayaniya, aka gaya mata, ta ce ai laifin gwanda ne, ba a koya mata gaisuwa ba.

Daga nan suka shiga hira, shi a ƙasa ita a sama. Ta tambaye shi garinsu, ya faɗa. Ta ambaci sunan ƙauyen mahaifinta, wanda ita sunan kawai ta sani. Kawu ya ce ai ya san wurin, yana cin kasuwarsu, akwai wata tsohuwar rijiya a bakin hanya da har yanzu ake ɗiba. Inna ta dafa bakin taga. Can ta ce, "Har yanzu?" Ya ce har yanzu. Ta sa ya sake faɗa mata yadda hanyar take, daga ina ake shiga, wane itace ne a bakin kasuwar. Ban taɓa jin ta yi dogon zance babu Larabci a ciki ba sai ranar.

Kawu ya juyo kan shuke-shuke. Ya yaba zogale, ya ce barkono yana son toka. Da ya zo kan gwanda sai ya matsa kusa, ya kama wani dogon sili mai 'yan furanni da ke reto, ya kai shi dab da idonsa.

"Watanta nawa?"

"Sha ɗaya, Kawu."

"Ta taɓa ɗa?"

"Tana ta fure dai. Zafin bana ne ya zubar da su, amma bana in sha Allahu..."

"Ɗana," in ji Kawu a hankali, "wannan ai namiji ne."

Maigidana ya dubi gwanda, ya dubi Kawu.

"Ka ga furen a dogon sili? Mace a jikinta take fure, a hammatar ganye. Wannan ko shekara goma za ka yi kana yi masa sutura, ba zai ba ka ko ɗaya ba. Sare shi ka huta."

Daga sama muka ji Inna tana tari, dariya ta sarƙe ta. Ni kuwa na tuna darasin miyar ganye, na kama bakina da hannu biyu.

Daga nan maigidana ya shiga ya shirya. Ya kai Kawu ziyara, suka dawo. Da magariba ta gabato na ji motsi a baya, na leƙa. Yana tsaye a kan kujera yana yafa wa gwandar haraminta, yana gyara gefe da gefe kamar kullum.

"Injiniya, ba ka ji abin da Kawu ya ce ba?"

Bai juyo ba. "Na ji. Ai ba shi ya ce mini shi mace ne ba. Miƙo mini dutsen can."

Na miƙa masa.

Da Kawu ya koma gida ya aiko da wani irin, da saƙon cewa a shuka biyar a bar su su nuna halinsu kafin a fara yi musu hidima. Biyu suka fito mata. Sanyin shekarar bai yi tsanani ba, sau huɗu kawai muka rufe, kuma na riga na kulle akwatin zannuwana na ɓoye makulli. Da 'ya'ya suka fara ɗaurewa a jikin matan, maigidana ya bi ya gano cewa sai da namiji a kusa suke haihuwa. Wata guda ba mu huta ba. Duk wanda ya shigo sai ya ji: "Da na sare shi fa?" Har Kawu ya kira a waya ya gaya masa, Kawu ya ce to Allah ya ba namijin lada.

Ta farko da ta nuna ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba. Ya tsinke ta da kansa, ya ɗora a faranti, muka hau sama. Inna ta sa aka yanka, ta ɗauki yanki ɗaya ta daɗe tana taunawa, mu biyu muna tsaye muna kallon bakinta.

"Kamar kankana ce da ta yi jinya," ta ce. "Ya binti, kawo lemun tsami."

Na kawo, ta matsa, ta ci yanki na biyu, ta ci na uku. Maigidana yana jira a ce masa bismilla, ba a ce ba. Da ta cinye ta goge hannu, ta tura masa farantin da ɓawo a ciki, ta tambaye shi yaushe ta biyun za ta nuna.